Tafiyata Hayin Kogi Saboda Kabewar Inna

Tun da na dawo, ga shi har kaka ta wuce, ba a bar ni na huta ba. Mai aron turmi ta tambaya, mai ɗiban wuta ta tambaya, har waɗanda ba su zo mini gaisuwar rashin miji ba yanzu sun san ƙofar ɗakina. "Asabe, yaya hayin kogi? Asabe, da gaske Barebari sun sa ki wanke ƙafa?" To, zan faɗa sau ɗaya, daga fari har ƙarshe. Wadda ba ta ji ba ta tambayi wadda ta ji, ni bakina ya gaji.

Kabewa ce ta fitar da ni daga Kademi. Ku yi dariyarku, ba ku ne na farko ba. Amma ba kowace kabewa ba, irin Inna ce, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta: mai dogon wuya, cikinta ja, in aka yi taushe da ita ko ba nama sai an suɗe akushi. Ita ma daga tata uwar ta karɓa. Ban gaji saniya ba, ban gaji gona ba. Da mijina ya rasu na dawo gidanmu, abin da na tarar ɗakin Inna ne, da wannan iri, da gurbinsa a bayan ɗaki gefen juji, inda ruwan wanka yake gangarawa. A nan ta shuka, a nan na ci gaba da shukawa.

Shekarun baya sai abu ya shigo mata. Za ta fito kore shar, ta hau danga, ta yi fure, sai ka wayi gari ganyen ƙasa ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Daga nan ya koma ruwan ɗorawa, ya ƙanƙance, ya bushe, 'ya'yan kuma su ruɓe tun ba su kai dunƙulen hannu ba. Na kafa baƙar tukunya a kan sanda saboda baki. Na yayyafa rubutu. Na daina gaisawa da wata da ta taɓa tsayawa ta yaba ta ba ta ce tubarkalla ba. Duk a banza. Bara ƙwallo ɗaya tak ya nuna, irin da na samu a ciki bai cika tafin hannu ba. Na san in wannan ya tafi, kabewar Inna ta ƙare a duniya.

Tanko ne ya kawo labarin. Ƙanin marigayi mijina ne, mai jakuna, yana zuwa gabas sayen kanwa da busasshen kifi. Ya ce akwai wani ƙauyen Barebari a hayin kogi, bayan an fita ƙasar Kano, inda kabewa take rani da damina, ganye ba ko ɗigo. Tanko in ya ce maka rana ta fito sai ka leƙa ka gani, amma wanda ya rasa mafita ba ya zaɓen mai ba shi labari. Na ce zan bi shi.

"Matar Yaya, da tsufanki? Saboda miya?"

"Saboda uwata, mara kunya. Ɗaura wa jakinka kaya."

Irin kuwa na zuba shi a 'yar gora da toka, na toshe da tsumma. Ban yarda in tafi da shi ba, don hanya ba ta da tabbas. Na kai wa Dije, aminiyata tun muna tallan gyaɗa, wadda dangarmu ɗaya da ita. Na ce, "Dije, riƙe mini, kin san abin da ke ciki." Ta ce, "Je ki, Asabe, kamar a hannunki yake." Tsakiyar bazara ce, lissafina zan dawo tun hadari bai fara haɗuwa ba.

A Gaya muka fara sauka, gidan wani abokin cinikin Tanko. Matan gidan suka karɓe ni da fara'a, suka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai zafi. Da uwargida ta tambayi inda na nufa, ni da wauta na faɗi gaskiya. Sai da ta ajiye lomarta don ta ji daɗin yin dariya, ta kuma aika aka kira maƙwabta su zo su ga wadda za ta ƙetare kogi neman maganin kabewa. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce in binne ƙashin jaki a gindinta. Na ce in na Tanko ya mutu a hanya zan kawo. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni sai in ce ziyara.

Tsakanin Gaya da Gafasa rana ta gasa mu. Tanko ya ce in hau jaki, na hau, jakin ya ga inuwar wata tsamiya ya durƙusa, na tsinci kaina a ƙasa zane ya yi nasa wuri. Na ce na gode, ƙafata ta ishe ni. Ƙafar ma ba ta tsira ba, ƙayar aduwa ta huda takalmi ta shige ni, sai da wani wanzami a Gafasa ya tsaga ya ciro ta. Dambu aka ba mu a garin, busasshe, ba ko ɗigon mai, kowace loma sai ka tura ta da ruwa. Amma abin da ya tsaya mini a rai ba dambun ba ne. Da na ɗingisa na zagaya bayan gida, sai na ga baƙar tukunya a kan sanda, ga busasshen yaɗon kabewa jibge a juji, daidai irin nawa. Na leƙa gidan da ke kusa, haka. Ashe ba ni kaɗai ake yi wa baki ba, ko kuma ba baki ba ne.

A Ajingi aka ci mini kwanaki. An ce hanyar gaba ba a bin ta sai da ayari, ayarin kuma sai bayan kasuwa ta ci. Kasuwa ta ci, Tanko ya ce bai gama sayar da dawarsa ba, sai wata kasuwar. Mai masaukinmu wata mata ce mai fura, ta ba ni ɗaki da tabarma da kuɗin cizo, ban san wanda ya fi wani tsufa a cikinsu ba. In na ɗauki itace ɗaya don ɗuma ruwa sai ta bi ni da ido har murhu. Furarta tsami kamar an dama da tsamiya, amma kullum sai ta tsaya a kaina ta ce, "Baƙuwa, yaya kika ji ta?" Ni kuma in ce madalla, don a gidanta nake kwana. Duk safiya ina duban gabas, sama fes, in ce da sauran lokaci.

Kogin da muka isa yashi ne, ruwan bai wuce ƙauri ba. Na ce da Tanko wannan ne kogin da kake cika mu da labarinsa? Ya ce in jira in gan shi da damina. Bayan mun haye da 'yar tafiya aka ce mun zo iyaka. Ni ban ga wata alama ba sai rumfa da wasu maza kowa da mashinsa. Suka sauke kayan kowa suka kwance. Ɗaya ya zazzage ƙunshina, ya ɗaga zanena na salla ya karkaɗe, ya shinshina daddawar da na ƙulla don tsaraba.

"Iya, me kike fatauci?"

"Ba komai, ɗana. Ziyara."

"Mai ziyara ba ta buƙatar daddawa mai yawa haka."

Ya raba ta biyu, ya ɗauki babban kashin, ya kuma yi mini addu'ar Allah ya kiyaye hanya. Na ce amin, ban faɗi daga wa nake so a kiyaye ni ba.

Ƙauyen yana bakin fadama. Mutanensa in suka fara gaisuwa sai ka nemi wurin zama, "wushe, wushe" ba iyaka, suna tafa hannu a hankali. Ɗakunan matansu turaren wuta ne ko'ina, har tuwon ma na ɗauka zai yi ƙamshinsa. Ashe ba tuwo suke ci ba, burabusko ne, da miyar busasshen kifi. Ni da na saba yanko loma ta tsaya a hannu, wannan ina ɗauka yana watsewa, rabi a baki rabi a cinya, yara na leƙe suna ƙyalƙyala dariya. Mu Hausawa kuma Afuno suke ce mana, ba wanda ya damu ya san sunana.

Matar mai masaukin Tanko ita ce Ya Falmata, doguwa, ba ta da yawan murmushi, tana jin Hausa gwargwado. Na gaya mata abin da ya kawo ni, ina jiran dariya. Ba ta yi ba. Da safe ta kai ni bakin garkarta, na ɗaga ƙafa zan shiga ta tare ni da hannu.

"Taki kabewa tana ciwo?"

"Shi ya kawo ni."

"Da wannan takalmi kike shiga wurinta?"

Ta sa na tuɓe takalmi, ta kawo ruwa da toka, ta tsaya a kaina sai da na wanke ƙafa da hannu. To, ga amsarku, masu tambaya. Da gaske ne. Ni Asabe, da furfurata, aka wanke ni a ƙofar garka sai ka ce mai ƙazwa. Raina ya ɓaci har na ji ƙwalla, na ce a zuciyata da a Kademi ne aka yi wa baƙo haka, sai an yi shekara ana zagin gidan.

Da na shiga kuwa na ga abin mamaki. Tanko bai yi ƙarya ba, karo ɗaya a rayuwarsa. Kowane gindi da tazararsa, mutum zai wuce tsakani bai taɓa ganye ba. Mijinta yana jan ruwa da jigo, ruwan na bin 'yar hanya a ƙasa har gindi, ba mai watsa shi a kan ganye, kuma da safe kawai. Kowane ƙwallo an ɗora shi a kan katangar fasasshiyar tukunya don kada ya kwanta a laima. Na duba ko'ina ban ga baƙar tukunya ba, ban ga laya ba. Na tambaye ta me take binnewa. Ta ce ba komai. Sai ita ta shiga yi mini tambaya.

"A ina kike shukawa?"

"Gefen juji."

"Bara fa?"

"Nan."

"Bara waccan?"

"Nan dai. Gurbin uwata ne, ina zan kai ta?"

"In ta mutu, yaɗon ina kike kaiwa?"

"Juji mana."

"Takin jujin fa?"

"Ita nake zuba wa."

Ta ce, "Afuno, ciwon ba tafiya yake yi ba. Yana kwana a busasshen ganye, yana kwana a ƙasa. Ke kike ajiye shi, ke kike ɗebo shi ki mayar mata." Na ce haka uwata ta yi, haka kakata ta yi, ba abin da ya same su. Ta ce lokacinsu bai zo ba, yanzu ya zo, kuma ba zai tashi ba sai an tashe shi. Su in sun girbe, yaɗon wuta suke sa masa. Inda kabewa ta zauna bana, baɗi albasa ce ko gero, sai ƙasar ta manta. Iri kuma daga lafiyayyen gindi kawai ake ɗauka.

Muna cikin zagayawa ta sunkuya ta juya wani ganye. Ɗan fari ne a bayansa, bai kai farce ba. Gindin kuwa ƙato, har da fure da 'yan ƙwallaye. Kafin in ce wani abu ta kama shi ta tumɓuke, ta naɗe, ta kai gefe ta tura a wuta. Na yi salati da ƙarfi. Na ce wannan ai almubazzaranci ne, abinci ne fa. Ta ce, "In na bar shi, duka za su bi shi." Na kwana ina jin haushinta, na kuma tashi na san gaskiya ta faɗa. Ta ba ni nasu irin, na karɓa don kunya, amma ba shi nake nema ba, cikin tasu fari-fari ne, ba zaƙi. Tanko ya soya ya cinye.

Na ce mu juya, na samu abin da na zo nema, na ma riga na zaɓi sabon gurbi a raina, can gefen rumbu inda ba a taɓa shuka komai ba. Tanko ya ce kanwarsa tana gaba, in jira shi kaɗan. Ya tafi ya bar ni. Zazzaɓin fadama kuma ya kwantar da ni, Ya Falmata tana ɗura mini wani jiƙo mai ɗaci tana faɗa da yarensu. Ina kwance wata rana da la'asar na ji iska ta canza, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan shuka ne sosai. Da fari na ce ba komai, irina yana gora.

Sai na tuna da Dije. Kun san al'adarmu. A Kademi ba a barin ƙasar matafiyi ta zauna fayau bayan ruwan shuka. In mutum ba ya nan, maƙwabta su shuka masa, ya dawo ya tarar, ya yi godiya. Abin kunya ne unguwa ta bar gurbin wani ba tsiro. Ni da kaina na yi wa mutane da yawa. Kuma cewa na yi Dije ta riƙe mini, ban ce kada ta shuka ba, don ranar da na tafi ni ma ban san akwai dalilin faɗin haka ba.

Da Tanko ya dawo ban bar shi ya sauke mangala ba. Ya ce jikina bai yi ƙwari ba, na ce ko gawata ce ya ɗora a jaki. Kogin da na raina ya cika ya batse, muka zauna a gaɓa jiran masu fito. Da layi ya zo kaina aka kifa ni a kan wata ƙatuwar gora, mai fito yana iyo yana tura ni, ina shan ruwa ina kalmar shahada. A Ajingi na ga gero ya tsiro. A Gafasa ya kai idon sawu. Kafin Gaya har an fara noman farko. Ban ƙara kallon gona ba, ƙasa nake kallo ina tafiya.

Dije ce ta fara hango ni. Ta fito da gudu, ta rungume ni, ba ta bari na sha ruwa ba ta ja hannuna zuwa bayan ɗaki.

"Rufe ido, Asabe. To, buɗe!"

Kore shar. Gefen juji, gurbin Inna, a cunkushe, ganye kan ganye, har ta fara kama danga.

"Duka na shuka miki, ko ƙwaya ban rage ba. Jujin nan kaf na kwashe na zuba mata. Da ruwa ya ɗan ɗauke, kullum da yamma sai na watsa mata daga sama har ƙasa. Bayana har yau ciwo yake. Kin ga yadda ta yi?"

Fuskarta cike da murna. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Dije. Allah ya bar zumunci." Me zan ce? Da ta juya tana kiran mutane su zo su ga na dawo, na sunkuya na juya ganyen ƙasa. Fari. Na juya na kusa da shi. Fari.

Washegari na zaunar da ita na yi mata bayani a hankali, juji, ƙasa, tazara, duk abin da na gani. Tana saurara fuskarta na sauyawa.

"Wato hannuna ne ya sa mata cuta?"

"Ba hannunki ba, Dije. Ƙasar ce."

"Ƙasar da Inna ta shuka ta ciyar da mu? Yau ita ce mai cuta, don Barebari sun faɗa?"

"Dole in cire masu farin, ko na tsira da ɗaya."

"Ki cire abin da na shuka miki?"

Ta tashi ta kakkaɓe zane ta fita. Na san abin da cire shukar da aka yi maka yake nufi a garin nan, daidai yake da a kawo maka tuwo ka zubar a gaban mai shi. Na kuma san abin da bari yake nufi. Da hantsi na shiga na duba su gindi-gindi. Biyu kawai na samu ba tabo. Sauran na tumɓuke da hannuna, na tara, na rufa musu kara na sa wuta. Ɗanyen ganye hayaƙi gare shi, duk unguwa sai da ta gani. Na ɗago kai na ga Dije tsaye a bayan danga.

Biyun nan na yi musu duk abin da na koyo. Ɗaya bai kai fure ba farin ya cinye shi. Ɗayan ya daure, ina tsinke masa ganye ina ƙonawa, har ya ba ni ƙwallo guda, ɗan ƙarami, da wuyansa dogo irin na gidanmu. Na ɗora shi a katangar tukunya, na hana awaki, na hana kaina barcin rana. Yaɗon ya bushe tun ƙwallon bai gama nuna ba, na bar shi a kai har ya fara laushi, sannan na yanka. 'Ya'yan suna nan a jere, farare. Na zauna a ƙofar ɗaki na dinga matsa su da farce ɗaya bayan ɗaya. Duk ɓawo ne, ba komai a ciki.

Dije ba ta sake taka gidana ba. In mun haɗu a rijiya sai ta gyara gammo ta dubi wani wuri. Da aka yi sunan jikarta, goro ma ta hannun wata na samu. Wasu sun ce in je in ba ta haƙuri, na je, ta ce ba komai, ta ci gaba da tankaɗenta ba ta ce in zauna ba.

Yanzu na san yadda ake kare kabewa daga cuta, na fi kowa sani a Kademi, kuma ba ni da kabewar da zan kare. Ba wadda ta zo ta tambaye ni yadda ake yi, labarin wanke ƙafa kawai kuke so. Shekaranjiya ina wucewa ta bakin masussuka na ji wata baƙuwa tana tambaya, ina kabewar nan mai jan ciki da ake samu a gidan su Asabe? Aka ce mata ta ƙare. Ta ce cuta ce? Aka ce a'a, 'yar gidan ce ta je yawo ta dawo ta sa mata wuta.